Makaɗin Damina Da Kaka

Tun zamanin da makaɗan ƙasar Hausa sun kasu kashi biyu manya, akwai makaɗan fada, akwai kuma makaɗan jama'a. Makaɗin fada shi ne wanda ya ke da ubangida guda, sarki ko hakimi. Shi ya ke yi wa waƙa, shi kuma ke ɗauke da cinsa da suturarsa, har da dokin hawansa. Irinsu ne Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, da Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗanƙwairo. Irin wannan makaɗi, ko damina ta yi albarka ko ta yi gardama, ba ya kwana da yunwa muddin akwai hatsi a rumbun ubangidansa. Amma fa bakinsa a ɗaure ya ke, ba shi da ikon ya wasa abokin gabar gidan da ya ke ci.

Makaɗin jama'a kuwa ba shi da wannan inuwa. Shi ne mai yi wa manoma kiɗa, da mahauta, da maƙera, da 'yan dambe, da mafarauta, da samari da 'yan mata a dandali. Ba wanda ya ɗaure shi, in ya ga dama ya kwana Gusau yau, gobe ya doshi Talatar Mafara. Saboda haka a kan ce ba shi da ubangida. Amma wanda ya lura da zamansa zai ga yana da shi, mai tsanani kuwa, watau shekara da lokatanta. Ita ke gaya masa irin waƙar da zai yi, da wurin da zai yi ta, da ranar da za a biya shi. Ba a kiɗan noma da rani, ba a kuwa kafa dambe da marka, sa'ad da kowane namiji mai lafiya ya ke duƙe a gona.

In ana ƙidayar irin waɗannan makaɗa, da wuya a ambaci uku ba a sa Alhaji Muhammadu Bawa Ɗan Anace ba. Mutumin ƙasar Gandi ne, gabas da birnin Sakkwato, ya kuwa tashi a zamanin mulkin En'e. Da kalangu ya ke kiɗa, da Sakkwatanci tsantsa ya ke waƙa. Abu biyu aka fi saninsa da su, waƙar noma da waƙar dambe, ɗaya ta damina, ɗaya ta kaka. Waƙarsa ta ɗan damben nan Shago ta game ƙasar Hausa, har mutanen da ba su taɓa zuwa filin dambe ba sun san Shago, sun san Ɗandunawa, ta bakinsa. Wanda ya ke so ya gane zaman Ɗan Anace da ire-irensa, sai ya bi su cikin shekara guda, daga bazara har ta zagayo.

Bazara ita ce lokacin da kiɗa ya ke kwantawa. Zafi ya yi tsanani, kuɗin kaka sun ƙare, bukukuwa sun ja baya, 'yan cin rani suna komowa gida, kowa na sharar gona yana duban gabas. Makaɗi ma manomi ne, shi ma ya kan ɗauki gatari da manjagara ya tafi tasa gonar. Amma galibi a irin wannan lokaci na zaman gida a ke gyaran kayan kiɗa, a sake fatar kalangu, a sake tsarkiya, a kuma zauna da 'yan amshi da dare a ɗinka sababbin waƙoƙi. Ba takarda, ba alƙalami. Abin da makaɗi ke fara nema shi ne gindin waƙa, watau 'yan kalmomin nan da 'yan amshi za su riƙa komawa kansu. In gindi ya zauna, ya dace da kiɗa, sa'an nan a riƙa ɗora masa ɗiya ɗaya bayan ɗaya. Jagora ya faɗa, yara su karɓa, a maimaita har ta zauna a ka. Aikin kuwa ba ƙarami ba ne, domin ɗan amshin da ya ɓata karɓi a bainar jama'a ya kunyata ƙungiya duka.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, gero ya tsiro, ciyawa ta taso tare da shi, to, ranar makaɗin noma ta zo. A zamanin nan babu maganin feshi, garmar shanu ma ba ta yawaita ba. Gona kuwa in ba a yi mata noman firi da wuri ba, ciyawa ta cinye ta. Mai gona babba, ko wanda rashin lafiya ya kayar, ko saurayin da ke so ya taimaki gidan surukansa, sai ya kira gayya. A raba goro, a sa rana, mata su dama fura, su tuƙa tuwo. Ran gayya samarin ƙauye su jeru a bakin gona kowa da fartanyarsa, makaɗa su tsaya bayansu da gangunan noma.

A nan ne a ke ganin amfanin makaɗi a fili, yadda ko mai ƙinsa ba ya iya musu. Kowane jarumin noma yana da takensa da kirarinsa. Makaɗi na bin layi, in ya ga wani ya fara sanyi sai ya matsa kusa da shi ya kaɗa takensa, ya ambaci ubansa da kakansa da yawan damman da suka ɗaure a zamaninsu. Sai ka ga mutumin da ƙugu ya riƙe ya yi kururuwa ya sake duƙawa, ƙasa na tashi. Wanda ya riga kowa fid da kunyarsa, shi a ke wasawa. Rago kuwa, wanda ke yawan zuwa gindin itace shan fura, ya sha zambo, 'yan mata masu kawo ruwa suna ji. Tsoron zambon nan ya noma gonaki da yawa a ƙasar Hausa. Aikin da zai ci mutum guda kwana da kwanaki, sai gayya ta gama shi kafin la'asar.

To, amma abin da ya kamata a lura da shi, ran gayya makaɗi ba ya samun wani abin kirki. Damina lokacin babu ce. Rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, wanda a ke yi wa kiɗan shi kansa awo ya ke yi. Saboda haka abin da makaɗi ke komawa gida da shi goro ne, da 'yan kwabbai, da alkawari. Wannan ya ce ya ba shi dami biyu, wancan ya ce dami biyar, sarkin noma ya ce tunkiya. Duk sai kaka. Watau makaɗin noma bashi ya ke bayarwa, ya zuba muryarsa a gonar wani da Yuli, ya jira Oktoba. In ruwa ya ɗauke da wuri, ko fara ta sauka, alkawarin ya bi iska, ba kuwa alƙalin da za a kai wa ƙara. A shekarar yunwa, irin Kakalaba ta 1914, wanda ke ci daga kyautar mutane shi ke fara jin jiki, domin mai neman abin da zai ba 'ya'yansa ba ya kiran ganga.

In Allah ya sa damina ta yi kyau, da an yanke gero sai makaɗi ya ɗaura wa jakinsa mangala ya bi gonaki yana karɓar dammansa. Manomi ba ya son a ce ya ci alkawarin makaɗi, domin ya san baɗi ma akwai gayya, bakin da ya yabe shi kuwa bai mutu ba.

Kaka ita ce sallar makaɗin jama'a. Ciki ya cika, dare ya yi sanyi, gonaki sun zama fili. Samari su shirya kalankuwa, a yi aure, a yi kokawa, 'yan dambe kuma su ɗaura hannu su fita yawon ƙauyuka. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, kalangu kuwa kiɗan mahauta ne, shi ke sanar da gari cewa gobe akwai nama. Shi ya sa dambe da kalangu ba su rabuwa. Ɗan dambe ya kan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, ya ɗaure da zare tam, ɗayan hannun ya miƙa shi gaba yana kariya. Turmi uku a ke yi. Wanda ya faɗi, ko hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, haka a ke faɗa ko da ya tashi ya kakkaɓe jikinsa.

A wannan fili Ɗan Anace ya yi sunansa. Aikin makaɗin dambe ya fi na makaɗin noma wuya ta wani fanni. Manomi da ciyawa ya ke faɗa, ciyawa kuwa ba ta ramawa. Ɗan dambe zai shiga ne gaban wani ƙato da zai iya zubar masa da haƙora, yana kuwa da uwa da mata kamar kowa. Sai an sami wanda zai cire masa tsoro. Don haka waƙoƙin dambe cike su ke da ambaton mutuwa da kabari da lahira, da ƙasƙantar da rai, da tuna wa mutum waɗanda ya kashe a garuruwa kaza da kaza. Ɗan Anace gwani ne a nan. Ya kan kwantar da murya kamar mai ba da labari, ya jero mazan da suka gamu da Shago, sa'an nan ya ɗaga ta, kalangai su ɗauka. Wanda a ke yi wa, sai jikinsa ya kama tsuma, ya fito tsakar fili yana kirari.

Irin wannan waƙa ba ta da ranar gamawa. Kowace kaka a kan yi sabon dambe, wani ya faɗi, wani ya tashi, makaɗi kuwa ya ƙara ɗa a waƙarsa, ya ya da wani. Wanda ya ji ta bana a wani ƙauye, in ya ji ta baɗi a wani, ba zai same ta daidai ba. Ita ce jaridar 'yan dambe, ita ce kuma littafin tarihinsu. Fitar da sabuwar waƙa a wancan zamani ba ya wuce a rera ta a gaban jama'a. In ta yi daɗi, 'yan kallo su tafi da ita a baki, fatake su kai ta kasuwa ta gaba, kafin makaɗin ya isa garin waƙarsa ta riga shi.

Zuwan Turawa ya ƙara wa kaka nauyi a zaman makaɗa. An ci Kano da Sakkwato a 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, a 1929 kuma reshen da ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaurar Namoda. Gyaɗa da auduga suka zama kuɗi, kuɗin kuwa lokaci guda su ke zuwa, daga an fara kai kaya sikeli har a rufe fuloti. A lokacin ne kuma dagatai ke tara haraji. Saboda haka 'yan watannin nan kowa na bin manomi, mai haraji, da mai bashi, da ɗan koli, da makaɗi. Kyautar da a da dami ce ko akuya, sai ta koma sule da fam, da riga, daga baya har keke. Makaɗin da ya san abin da ya ke yi ya kan tsara tafiyarsa bisa ranakun kasuwanni da wuraren awo, ya nemi izinin hakimi ko dagaci, a kafa wasa. Abin da ya tara a wata uku ko huɗu, shi zai raba da 'yan amshinsa da makaɗansa da sanƙiransa, shi kuma za a ci har wata kakar. Da yawansu ba su iya wannan lissafi ba. Mutumin da aka yi wa ruwan kuɗi da hunturu, sai a gan shi da bazara yana sayar da rigar da aka ba shi.

Rani na da nasa kiɗan, na farauta da na 'yan tauri, inda Kassu Zurmi ya yi suna, da na masunta a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 don marabtar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Sa'an nan ga watan azumi da tashensa, wanda a ke farawa in wata ya kwana goma, ga kuma salla biyu. Su waɗannan da ƙidayar wata su ke tafiya, shekarar wata kuwa ta gaza ta rana da kwana 11, saboda haka suna zagaya lokatai duka cikin kamar shekara 33. Sallar da ta faɗo da kaka, kowa na da abin kyauta. Wadda ta faɗo da marka, sai a yi ta da hannu a aljihu.

Abin da ya fara kwance wannan ɗauri na waƙa da lokacinta shi ne garmaho. Faifan farko ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku a kowane gefe, alhali waƙar fili ta kan yi rabin sa'a ba ta ƙare ba, sai dai makaɗi ya datse ta. Daga nan sai rediyo. An kafa hukumar watsa labarai ta Nijeriya a 1957, a shekarar ce kuma BBC ta buɗe sashen Hausa, a 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata gidan a Kaduna. Ma'aikatan rediyo suka riƙa kiran makaɗa suna ɗaukar muryarsu, wani lokaci su bi su har garuruwansu. Kamfanoni irin su EMI suka buga fayafayan Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. A shekarun 1970 kuma kaset ya shigo, ya fi su duka ƙarfi, domin rakoda na aiki da batir, tana shiga ƙauyen da ba lantarki, kowa kuma na iya ɗaukar waƙa da ita. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 sun sayi rakoda ba iyaka.

Alherin da wannan ya jawo a bayyane ya ke. Ba don shi ba, da muryar Ɗan Anace ta bi ta dubban makaɗan noma da suka riga shi, waɗanda ko sunansu ba a riƙe ba. Ya kai sunansa Kumasi da Yamai da Fort Lamy, wadda a ke kira Njamena tun 1973, duk inda Bahaushe ya ke da akwatin rediyo. Sunan kuma ya jawo gayyata, attajirai da masu sarauta suka riƙa nema, makaɗin ƙauye ya sami abin zuwa Makka. Shata, wanda aka haifa a Musawa, shi ma bai taɓa zama makaɗin fadar kowa ba, ya kai har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kafin rasuwarsa a 1999.

Amma akwai abin da aka rasa, kashi biyu. Na farko kuɗi ne. Galibi abin da a ke ba makaɗi ran ɗauka, shi ke nan rabonsa, ko da za a shekara talatin ana sa waƙar. Mai shago a kasuwa ya sayi kaset ɗaya ya juya ɗari, ya sayar, mai waƙar bai sani ba. An yi dokar haƙƙin mallaka a 1970, aka sake ta da ƙarfi a 1988, amma mutumin da bai yi boko ba, yana ƙauye, ina ya ga lauyan da zai bi masa? Manomin da ya yi alkawarin dami yana jin kunyar makaɗi domin gobe za su gamu. Mai juya kaset a wani gari ba ya jin kunyar kowa. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Na biyu ya fi wuyar gani. Waƙar noma an yi ta ne don a ji ta da fartanya a hannu, ta dambe kuma don mutum guda da ke tsaye gaban abokin karawarsa. Da ta shiga faifai sai ta zama abin saurare kawai. Direba na jin waƙar gayya da tsakar rani a kan hanyar Legas, tela na jin ta Shago cikin azumi yana taka keke. Ta kuma daina girma. Yadda aka ɗauke ta ran nan, haka za ta zauna, har yara su ɗauka cewa waƙar ke nan, alhali kuwa fitowa ɗaya ce daga cikin ɗaruruwa.

Ita gayyar ma ta ja baya. Farin 1973 ya karya manoma da yawa, ciwon da ya kama gyaɗa a 1975 ya gama da dalar gyaɗa ta Kano, kuɗin man fetur suka janye samari zuwa birane. Garmar shanu da 'yan ƙwadago da maganin feshi suka karɓi aikin da gayya ke yi, wanda kuwa aka biya shi kuɗin yini ba ya bukatar a kaɗa masa take. Kokawa ta sami gata a Nijar, inda gwamnati ta ɗauki gasar takobi tun 1975, aka fara a Tawa, makaɗa na biye da 'yan kokawar jihohinsu. Dambe kuwa ya koma birni. A Kano da Dei-Dei ta Abuja da wasu garuruwa akwai gidajen dambe da a ke biyan kuɗin shiga, ana wasa ba a tambayar ko an yi girbi, ana ɗauka da waya ana sa wa a intanet. Kalangu na nan a bakin fili, jikokin sana'ar Ɗan Anace na kaɗa wa sababbin maza take, da yawan 'yan damben ma sun ɗauki sunan Shago sun haɗa da nasu.

Ƙasar da ya fito kuwa wani abu ya same ta wanda ya fi fari. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar Zamfara da gabashin Sakkwato, suna kashe mutane, suna kore shanu, a wasu wurare sai manomi ya biya su kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. A damina ta 2018 sun faɗa wa ƙauyukan ƙasar Raɓa, waɗanda suka tsira suka bar gerensu a tsaye, suka yi gudun hijira zuwa Gandi.